Hodar nisin mai kashi 2.5: abin da take tsarewa a madara da abin da ba ta taɓawa

Masu sayar da kayan haɗa yogot suna yawan tallata hodar nisin, wani sinadarin adana abinci da wata bakteriyar madara ke yi, a matsayin maganin lalacewar kaya baki ɗaya, a zuba kawai a huta. Wannan talla ta wuce gona da iri, kuma ita ce ke sa mutane su saya, su zuba a inda ba ta da aiki, sannan su ce jabu ce. Hukuncinmu a kanta a bayyane yake. Ga wanda ke dumama madararsa yadda ya kamata, kuma matsalarsa ita ce yogot na ƙara tsami a kanti, ko madarar waken suya na guda kafin lokaci, ko narkakken cuku na kumbura, hodar nan ta cancanci kuɗinta sosai. Ga wanda robobinsa ke cika da iska saboda yis, ƙwayar da ke sa burodi tashi, ko wanda ke son ya sayar da ɗanyar madara ba tare da ya dumama ta ba, asarar kuɗi ce, a wani lokacin ma haɗari ce ga masu sha. Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda nisin ke kama tantanin bakteriya, wato siririyar fatar da ta lulluɓe ƙwayar, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Abin da ake sayarwa farar hoda ce, wani lokaci da ɗan ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗanɗanon gishiri. A kan buhu ko gwangwani za a ga E234 ko INS 234. Sunan da ya fi daɗewa a kasuwa shi ne Nisaplin, wanda kamfanin Aplin & Barrett na Ingila ya fara yi a shekarun 1950, daga baya ya koma hannun Danisco, sannan DuPont a 2011, sannan IFF a 2021. Masana'antun ƙasar Sin ma suna yin irinta da ƙarfi iri ɗaya. Nisin ɗin kansa kashi 2.5 ne kacal cikin ɗari. Fiye da rabin hodar gishirin girki ne, sauran kuma ragowar abin da aka noma bakteriyar a ciki ne, a wasu samfuran daskararriyar madara. Wannan ba algus ba ne. Da gishirin ake daidaita ƙarfin hodar ya tsaya a kan IU (ma'aunin ƙarfi na ƙasa da ƙasa) miliyan ɗaya a kowane giram, domin giram ɗaya na tsantsar nisin yana ɗauke da IU miliyan 40, kuma babu mai ƙaramar masana'anta da zai iya auna abu mai irin wannan ƙarfi. Kilo ɗaya na hoda yana ɗauke da giram 25 na nisin. A riƙe wannan lissafi, domin kuskuren da ya fi yawa a nan yake faruwa.

Bakteriyar da ke yin sa, Lactococcus lactis, tana cikin madara tun asali. A 1928 Rogers da Whittier suka lura a Amurka cewa wasu nau'o'inta na hana 'yan uwansu girma. Mattick da Hirsch suka ba shi suna a 1947, kwamitin haɗin gwiwa na hukumomin abinci da lafiya na duniya, FAO da WHO, wato JECFA, ya amince da shi a abinci a 1969, Amurka kuma ta ba shi izini a narkakken cuku a 1988.

Yadda yake kamawa ya huda

Nisin feftayid ne, wato gajeriyar sarƙar amino asid, guda 34 ne a jere. Yana cikin babban dangin feftayid masu kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake samu a fatar kwaɗo, a jinin ƙwari, da jikin ɗan Adam. Magainin, wanda Michael Zasloff ya ciro daga fatar kwaɗon Afirka mai farce a 1987, da LL-37 na jikin mutum, duk 'yan gidan ne. Abu biyu ya haɗa su: suna ɗauke da cajin fosetif, kuma ɓangare ɗaya na jikinsu na son ruwa, ɗayan na son mai. Tantanin bakteriya cike yake da kitse mai cajin negetif, musamman fosfatidilgilisarol da kadiyolifin, don haka feftayid ɗin na manne masa. Tantanin ƙwayoyin jikinmu kuwa fuskarsa ta waje ba ta da wannan caji sosai, ga kuma kolestarol da ke ƙara masa tauri. Wannan ne ya sa feftayid ɗin ke zaɓar bakteriya ya bar mu.

Yawancinsu sai sun taru da yawa a kan tantanin kafin su yi ɓarna. Wasu su jeru su yi rami kamar bututu, wasu su lanƙwasa kitsen tantanin ya shiga cikin ramin tare da su, wasu kuma su shimfiɗu a kai har tantanin ya wargaje. Duk wannan na buƙatar feftayid mai yawa. Nisin ya bambanta da su, yana aiki da abin da ya gaza nasu sau ɗari zuwa sau dubu, saboda yana da takamaiman wurin da yake kamawa. An tabbatar da wannan a ƙarshen shekarun 1990, a dakunan bincike na Bonn da Utrecht.

Wurin shi ne wani sinadari mai suna Lifid II. Bakteriya na gina katangar da ke kewaye da ita a waje, amma kayan ginin a ciki ake haɗa su. Lifid II shi ne jakin da ke ɗauko tubali daga ciki ya kai wa magina a waje, ya koma ya sake ɗaukowa, kuma jakunan ba su da yawa, 'yan dubbai ne a kowace ƙwaya. Jelarsa doguwar sarƙar mai ce mai kabon 55 da ke nutse cikin tantani, an haɗa ta da kayan da take ɗauka ta wani mahaɗi na fosfat biyu. Jikin nisin yana da zobba biyar, ana kiran su A zuwa E, waɗanda gadar sulfa ta ɗaure. Zobba biyun farko, A da B, su ne ke rungumar fosfat biyun nan su kulle su. Maganin asibiti mai kashe bakteriya, bankomaisin, ma Lifid II yake kamawa, amma a wani gefe dabam, a ƙarshen reshen amino asid, inda bakteriya ke iya canza fasali ta kuɓuta. Fosfat biyun kuwa canza su na da matuƙar wuya, shi ya sa bayan shekara sama da sittin ana amfani da nisin a abinci har yanzu yana aiki.

Da ya kama, abu biyu ke faruwa. Na farko, ginin katanga ya tsaya, domin an riƙe mai kai kaya, har ma ana janye shi daga tsakiyar ƙwayar inda take rabewa biyu. Na biyu, a tsakiyar nisin akwai wata gaɓa mai lanƙwasuwa ta amino asid uku, na 20 zuwa na 22. Gaɓar na lanƙwashewa, jelar nisin mai ɗauke da zobba D da E ta soke cikin tantanin. Nisin takwas da Lifid II huɗu su haɗu su yi rami mai faɗin nanomita 2 zuwa 2.5. Ta nan fotasiyam da amino asid da ATP, makamashin ƙwayar, ke zubewa, bambancin cajin da ƙwayar ke rayuwa a kansa ya rushe, cikin 'yan mintuna ta daina komai.

Daga wannan bayani duk ƙarfin hodar da duk rauninta suka fito. Sai nisin ya isa tantanin ciki, kuma sai akwai Lifid II a wurin.

Bakteriya masu riƙe launin Gram, rinin da ake rarrabe su da shi gida biyu a ɗakin gwaji, irin su Listeria monocytogenes, Staphylococcus aureus, Bacillus, Clostridium da duk masu sa madara tsami, katangarsu na da kauri amma tana da ƙofofi, nisin mai nauyin dalton 3,350 (ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari) na ratsa ta cikin sauƙi. Marasa riƙe launin kuwa, wato E. coli, Salmonella, Pseudomonas, Brucella, suna da wani tantani na biyu a waje, wanda kalsiyam da magnisiyam suka ɗinke shi tsam, ramukansa ba sa barin abin da ya wuce dalton 600 ko makamancin haka. Nisin na tsayawa a waje. Yis da fumfuna ba su da Lifid II kwata-kwata. Ko an juye gwangwani guda a cikin zoɓo, yis zai ci gaba da cin sukarinsa yana hura roba.

Nan ne muke son masu sana'ar madara su tsaya su duba da kyau. Cututtukan da ake tsoro a ɗanyar madarar shanu sun haɗa da bakkale, wanda Brucella ke kawowa, da tarin fuka na shanu, da zawon Salmonella da E. coli. Babu ɗaya daga cikinsu da za a dogara da nisin a kansa. Wuta ce maganinsu: digiri 63 na minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, ga yogot kuma 85 na minti 30 ko 90 zuwa 95 na minti biyar. Duk ɗan kasuwar da ya ce hodarsa za ta maye gurbin dumamawa, a bar masa kayansa. Haka kuma idan Staphylococcus ya riga ya saki gubarsa a cikin kaya, kashe ƙwayar ba ya cire gubar, ko tafasa ma ba ta cire ta.

Inda hodar ta fi burge mu shi ne a kan sifo, wato busasshen irin da Bacillus da Clostridium ke komawa idan sun ga wuya. Dumamawa ta yau da kullum ba ta kashe sifo, sai ma ta tashe shi daga barci, kuma ta share masa abokan gasa. Madarar waken suya da aka dafa da safe ta guda da yamma, galibi aikinsu ne. Nisin ba ya kashe sifon da ke barci. Yana jira sai ya fara tsirowa, tantaninsa ya bayyana, sai ya kama shi kafin ya zama cikakkiyar ƙwaya. Sifon da wuta ta riga ta jikkata ya fi saurin faɗuwa, don haka wuta da nisin tare sun fi kowannensu shi kaɗai nesa ba kusa ba. Amma fa wannan tsarewa ce, ba kisa ba. Dole nisin ya kasance a cikin kayan har ranar ƙarshe. Idan ya ƙare, sifon da ya rage zai tashi.

Awo

Dokoki da littattafai suna ba da adadi da tsantsar nisin, masu sayarwa kuma suna magana da hoda. Bambancin ninki 40 ne. Miligiram 1 na nisin daidai yake da miligiram 40 na hoda. Wanda ya karanta "miligiram 5 a kilo" ya auna miligiram 5 na hoda, ya zuba kashi ɗaya cikin 40 na abin da ake buƙata, ba zai ga komai ba. Wanda ya juya lissafin kuma ya zarce doka da nisa.

A narkakken cuku ana sa miligiram 200 zuwa 600 na hoda a kowane kilo, wato nisin miligiram 5 zuwa 15. A miyar da aka dumama aka ajiye a sanyi, miligiram 100 zuwa 250. A ruwan ƙwai da aka dumama, 50 zuwa 200. A kayan gwangwani, 100 zuwa 200. A yogot ɗin da aka dama kuwa kaɗan ne ƙwarai, miligiram 20 zuwa 50 na hoda a kilo. Tarayyar Turai ta ƙayyade nisin miligiram 12.5 a kilon cuku da ya nuna, 10 a maskafon (wani laushin cuku), 6.25 a litar ruwan ƙwai. Mai sayar da kaya a Nijeriya sai ya bi abin da NAFDAC ta amince masa a rajistar kayan nasa, ya kuma rubuta sunan sinadarin a kan lakabi. Ta fuskar lafiya, kwamitin JECFA a 2013 ya sa iyakar miligiram 2 a kowane kilon nauyin mutum a rana, hukumar EFSA ta Turai a 2017 ta sa miligiram 1. Mai nauyin kilo 60 ke nan yana da miligiram 60 a mafi tsananin ma'aunin biyu, kuma kilon yogot bai wuce miligiram ɗaya da ɗan kai ba. Sinadaran narkar da abinci na hanji, musamman kimotirifsin, suna farfasa shi kamar sauran furotin.

Matsalar a aikace ita ce auna ɗan ƙaramin abu. Mai haɗa kilo 20 na yogot yana buƙatar giram 0.8 na hoda. Cokali ba zai yi ba, sikelin kicin mai tsallen giram ɗaya ma ba zai yi ba. Ko a sayi ƙaramin sikeli mai nuna 0.01, ko a bi wannan hanya da ta fi sauƙi. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce a rufe. A sa masa ɗan sitirik asid har ya sauka kusan pH 3 a ma'aunin tsami, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa. A auna giram 10 na hoda, a dama da ruwan kaɗan har ya zama kunu babu gudaji, sannan a cike zuwa lita ɗaya. Kowane mililita yanzu yana ɗauke da miligiram 10 na hoda. Kilo 20 na yogot a kan miligiram 40 zai ci mililita 80. Lita 20 na madarar waken suya a kan miligiram 100 zai ci mililita 200. Ruwan zai yi ɗan duhu-duhu, wani abu ya kwanta a ƙasa. Wannan furotin ɗin madara ne da bai narke ba, ba lalacewa ba ce, a girgiza kafin a ɗiba. A yi amfani da shi a ranar, kada a ajiye.

Asid ɗin ba ado ba ne. Nisin na narkewa sosai a tsami, kusan miligiram 57 a mililita a pH 2, amma a pH 6 abin ya sauka zuwa kusan 1.5. Juriyarsa ga zafi ma haka take. A pH 3 yana iya jure digiri 121 ba tare da asara mai yawa ba, amma a kusa da pH 7 wannan zafin zai cinye mafi yawansa. Idan aka haura pH 8 yana lalacewa ko a zafin ɗaki. Saboda haka duk kayan da aka sa wa kanwa ko bakin soda da yawa ba wurinsa ba ne.

Kada a barbaɗa busasshiyar hoda a kan babbar tukunya. Giram ɗaya ba zai watsu cikin lita hamsin da kansa ba, wata robar za ta samu ninki, wata ba za ta samu komai ba.

Lokacin zubawa a yogot shi ne abin da ya fi jawo kuka. Kalcar yogot, wato irin da ake zubawa madara ta kama, Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, duka masu riƙe launin Gram ne, wato abincin nisin ne kai tsaye. Idan aka zuba kafin ko tare da kalca, madarar za ta kwana ba ta kama ba, kuma yayin da take zaune da ɗumi, bakteriyar da nisin ba ya taɓawa za su samu fili. Ana zubawa ne bayan yogot ya kai pH 4.5 ko 4.6, a lokacin damawa da sanyayawa. Amfanin a nan shi ne rage ci gaba da tsami da tsatsafar ruwa idan an ɗauke wuta ko kaya sun daɗe a mota, abin da duk mai rarraba yogot a Kano ko Maradi a watan Afrilu ya sani. Sai dai akwai farashi: kalcar na raguwa, don haka wanda ke rubuta cewa yogot ɗinsa na ɗauke da rayayyun bakteriya masu amfani ya yi hattara da wannan da'awar. Kuma yogot ɗin da aka sa wa nisin ba ya zama iri na gobe. A ware irin kafin a zuba. Haka yake ga kindirmo.

Abubuwan da ke cinye ƙarfinsa

Maiƙo ne na farko. Ɓangaren nisin mai son mai, wanda da shi yake soke tantani, yana manne wa ɗigon kitsen madara shi ma, kuma wanda ya manne a can ya fita daga aiki. Adadin da ya isa a madarar da aka cire wa mai ba zai isa a cikakkiyar madara ba, balle a kirim. Madarar da aka bi da ita ta injin farfasa mai ta fi cinye shi, domin ɗigon sun ƙanƙance, fuskarsu ta ƙaru. Mai kaya mai maiƙo ya tsaya a saman adadin da aka ba da, ba a ƙasa ba.

Na biyu yawan bakteriyar da aka fara da su. Kowane rami na cin nisin takwas, kuma wanda ya kama ba ya sakewa ya tafi wani wuri. Madarar da ta yi awa biyar a rana kafin ta iso tana iya shanye abin da aka zuba gaba ɗaya. Hodar na aiki a kan tsabta, ba ta gyara ƙazanta.

Na uku zafin ajiya, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. A narkakken cuku da aka ajiye mako 30, abin da ya yi saura na nisin kusan kashi 80 ne a digiri 20, kashi 60 a digiri 25, kashi 40 a digiri 30. Adadin da ke rubuce a takardun kamfani galibi an gwada su ne a yanayi mai sanyi. Shagon da ke kaiwa digiri 38 da rana yana cinye nisin da sauri, a daidai lokacin da yake hanzarta tsirowar sifo. Wannan shi ne babban rauni da muke gani ga hodar a ƙasashenmu, kuma ƙara adadi ba ya rufe shi duka, domin doka ta sa iyaka.

Akwai wasu ƙanana. Sodiyam metabaisalfait na lalata shi, kada a haɗa su a kaya ɗaya. Kalsiyam da magnisiyam masu yawa suna zama a kan cajin negetif na tantanin bakteriya su hana nisin kusantowa. Ɗanyen nama na ɗauke da gulutatayon, wanda ke haɗuwa da nisin ya kashe shi, shi ya sa yake aiki a dafaffen tsiran alade da makamantansa amma ba ya abin kirki a ɗanyen nama. Ɗanyun kayan da ke da sinadaran farfasa furotin ma suna yanka shi a hankali.

Bakteriyar ma ba a zaune suke ba. Listeria da Staphylococcus suna iya manna alanin a jikin katangarsu, ko lisin a kan kitsen tantaninsu, su rage cajin negetif ɗin da ke jawo nisin. Wasu nau'o'in suna da wani furotin da ke datse amino asid shida na ƙarshen jelarsa, sai ya kama Lifid II amma ya kasa huda rami da kyau. Abin da ke renon irin waɗannan shi ne zuba ƙasa da kima kullum a wurin da ba a wanke shi sosai. Wanda zai rage adadi don tsimi gara ya bari gaba ɗaya.

Ga kayanmu na gida, ga yadda muke ganin lamarin. Madarar waken suya da aka dafa aka zuba da zafi a roba mai tsabta: nan hodar ta fi amfani, domin pH ɗinta kusa da 6.5 ne kuma Bacillus ne babban maƙiyinta, amma a zuba bayan an sauke daga tafasa, ba a farkon dahuwa ba, kuma har yanzu tana buƙatar sanyi. Awara da cukun da ake kamawa da ruwan tumfafiya: za ta rage Staphylococcus da Listeria, amma yauƙi da warin da ke fitowa a fuskarsu galibi na marasa riƙe launin Gram ne daga hannu da ruwan jiƙo, kuma waɗannan ba ruwansu da ita. Kunun aya da ba a dumama ba: taimakon kaɗan ne, masu tsami za su ja baya, yis da sauran su ci gaba. Zoɓo: kada a ɓata kuɗi, tsaminsa ya riga ya hana bakteriyar da nisin ke kashewa, matsalarsa yis da fumfuna ce, wadda ke buƙatar fotasiyam sobet ko sodiyam benzowet a kan ƙa'ida. A yogot mai sukari ko 'ya'yan itace da ke kumbura, abin da ake nema sobet ne ko natamaisin, E235, wanda ke kama agostarol na tantanin yis. Ana sayar da gaurayen nisin da natamaisin saboda wannan giɓi, kuma haɗi ne mai ma'ana idan doka ta yarda da shi a irin kayan.

Akwai masu ba da shawarar haɗa nisin da wani sinadari mai suna EDTA don ya shiga E. coli. A ɗakin gwaji hakan na aiki, domin EDTA na janye kalsiyam da magnisiyam ɗin da suka ɗinke tantanin waje. A madara kuwa kalsiyam ya yi yawa, shi zai cika EDTA ɗin tun kafin ya kai ga bakteriya. Ba mu ba da shawarar a dogara da wannan ba.

Saye da gwaji

Kilo ɗaya na hoda a kan miligiram 200 zai isa lita 5,000, a kan miligiram 40 kuma kilo 25,000 na yogot. Ke nan kuɗin da ke faɗa wa kowace roba ƙanƙani ne, amma ƙaramin mai sana'a ba zai iya ƙarar da kilo guda kafin ya lalace ba. A rufe, a busasshen wuri tsakanin digiri 4 da 25, nesa da rana, hodar na kai shekara biyu. Da an buɗe, gishirin da ke ciki na jan laima, musamman da damina, sai ta dunƙule. A sayi ƙaramin ƙunshi na giram 100, ko a raba babba cikin ƙananan kwalabe masu murfi tun ranar farko. Wanda aka ajiye a firij a bar shi ya dawo zafin ɗaki kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kai.

Hodar da aka ƙulla a leda babu suna abin gudu ce, domin da ido da harshe ba a bambanta ta da garin gishiri. A nemi takardar gwajin wannan rukunin, mai nuna lambarsa, ranar yi, da ƙarfin da bai gaza IU 900 a miligiram ba, yawanci 1,000 ake rubutawa. A nemi takardar halal, a kuma tambaya ko a madara aka noma ta ko a sukari, saboda masu sayar wa mutanen da jikinsu ba ya karɓar madara.

A ɗakin gwaji ana auna ƙarfin da wata bakteriya mai suna Micrococcus luteus. Ana shuka ta cikin aga, daskararren abincin renon bakteriya, mai ɗauke da sinadarin Tween 20 kashi 1, a huda ramuka, a zuba nisin da aka narkar a asid na HCl mai ƙarfin 0.02 a matakai daban-daban tare da wanda aka san ƙarfinsa, a ajiye a digiri 30 na kwana ɗaya zuwa biyu, a auna faɗin da'irar da ba ta tsiro ba. Wanda ba shi da wannan yana da gwajin da zai yi a wurin aikinsa. A dumama lita biyu na madara, a sanyaya zuwa digiri 43, a sa kalca iri ɗaya, a raba biyu. A ɗaya a dama giram 1 na hodar, ɗayar a bar ta haka. A ajiye su gefe da gefe a ɗumi. Bayan awa biyar zuwa shida wadda ba a sa wa komai ba za ta kama ta yi tsami, wadda aka sa wa hodar kuma ta zauna ruwa, pH ɗinta bai yi nisa da 6 ba. Idan duka biyun suka kama lokaci ɗaya, abin da ke cikin ledar gishiri ne ko hodar da ta mutu, a mayar wa mai ita. Madarar gwajin da ba ta kama ba a zubar da ita, domin ta yi awanni a ɗumi babu tsamin da zai kare ta.